Yadda Ake Adana Fina-finan Gida Kada Su Salwanta Rana Ɗaya

Gidaje da yawa a Tahoua suna da tarin fina-finai wanda babu wanda ya taɓa zama ya ƙirga yawansa. Akwai na Kano da aka turo daga shagon masu tura fim, akwai na Indiya da aka fassara da Hausa, akwai tafsirin watan azumi, akwai karawar ƴan kokowa a gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a garin nan a 1975, sannan akwai bidiyon aure da na suna da na tarbar alhazai. Galibi duk wannan yana zaune ne a wuri ɗaya, ko dai a cikin kwamfutar maigida, ko a cikin ma'adanar waje guda, wadda a kasuwa ake kira diski dur, da ke yawo tsakanin bayan talabijin da ɗakin samari. Ranar da wannan abu guda ya faɗo daga kan tebur, ko ɓarawo ya ɗauke shi, ko wani ya wanke shi, wato ya share duk abin da ke cikinsa, bisa kuskure, tarin shekaru ya tafi ke nan. Kwafin da zai ceci mutum a irin wannan rana sai ya cika sharuɗɗa: ya kasance a kan wata na'ura dabam, a cire take daga kwamfuta, kuma an buɗe an tabbatar yana aiki.

A fara da tantancewa

Kafin a kashe ko dala wajen sayen kaya, a zauna a raba fina-finan gida biyu. Kashi na farko shi ne abin da babu shi a ko'ina a duniya sai a hannunka, kamar bidiyon auren iyaye, da muryar kaka tana ba da tarihin gida, da bikin suna, da wa'azin malamin unguwa wanda Allah ya yi wa rasuwa. Kashi na biyu shi ne abin da za a iya sake samu a kasuwa ko a intanet, ko da za a ɗan sha wahala. A ganina wannan rabo shi ne rabin aikin, domin idan mutum ya duba da kyau zai tarar kashi na farko bai kai ɗaya bisa goma na tarin ba, kuma shi ne ya cancanci kwafi uku da kulawa ta musamman. Akwai wasu da ke tsakiya, musamman tsofaffin fina-finan Hausa na zamanin kaset waɗanda suka ɓace daga kasuwa, kuma ni ina sanya su a kashi na farko.

Daga nan sai a tattara komai cikin babban dosiye ɗaya, a goge maimaici, a gyara sunaye. Fayil mai suna VID da jerin lambobi ba ya gaya wa kowa komai bayan shekara biyar. Ga bidiyon iyali, a fara da shekara, sannan wata, sannan rana, sannan bayani, misali "2019-12-28 aure gidan kawu Tahoua", saboda kwamfuta da kanta za ta jera su bisa tsarin lokaci. Ya fi kyau a guji haruffa masu ƙugiya a sunan fayil, a rubuta k da d da b kawai, domin wasu tsofaffin talabijin da dikoda suna nuna su a matsayin akwatuna ko alamar tambaya. Bayan an gama, a danna dosiyen da maɓallin dama na linzami, a shiga Propriétés, a rubuta girmansa da yawan fayilolinsa a takarda. Za a buƙaci waɗannan lambobi biyu nan gaba.

Kwafi nawa, kuma a ina

Masu sana'ar adana hotuna suna bin wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa ta. Ma'anarta ita ce a samu kwafi 3, a kan nau'in ma'adana 2, kuma 1 daga ciki ya kasance a wajen gidan. Dalilin kowace lamba a fili yake. Kwafi biyu a cikin kwamfuta ɗaya, ɗaya a C ɗaya a D, sau da yawa suna kan faifai guda ne da aka raba gida biyu, saboda haka idan ya mutu tare za su tafi. Ma'adana biyu a jakar kwamfuta ɗaya kuma ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 ta yi a Yamai, ko ta 2024 a jihohi da dama har da Tahoua, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin ajiye kwafi a wani gida.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, tsarin da nake ba da shawara shi ne ma'adana biyu. Ɗaya ta kallo ce, ita ake jona wa talabijin, ita ake ba aro idan ya zama dole. Ɗayar kuma ta ajiya ce, matsayinta matsayin irin shuka ne a gidan manomi, wanda ba a ɗiba a kai wa mai niƙa komai tsananin bazara. Ba a kallo daga cikinta, ba a kai ta shagon tura fim, ba a ba ƙane ko aboki ya kwashi fim ya dawo da ita gobe. Kwafi na uku, na bidiyon iyali kaɗai, yana iya zama a ƙaramar ma'adana a gidan ɗan'uwa a wata unguwa, ko a Ƙonni ko Yamai, ko kuma a intanet.

Zaɓen ma'adana

Girman da za a saya ya danganta da lambar da aka rubuta a takarda. Idan tarin ya kai giga 700, kada a sayi ta tera 1, wato giga 1000, a sayi ta tera 2, domin tarin ƙaruwa yake yi, kuma salular zamani da ke ɗaukar hoto mai inganci tana iya cin fiye da mega 100 a minti ɗaya. Kada kuma a yi mamaki idan an jona ta tera 1 aka ga Windows ya nuna giga 931 ko kusa da haka. Wannan ba ha'inci ba ne, bambancin lissafi ne, kamfani yana ƙirga da 1000, kwamfuta kuma tana ƙirga da 1024.

Ma'adanai iri biyu ne. Akwai mai faifai a ciki, wanda ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da wata ƴar allura da ke shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Ita ce ta fi araha idan aka lissafa kuɗin kowace giga, amma faɗuwa ɗaya tana kashe ta, musamman idan tana cikin aiki. Akwai kuma SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta, tana da sauri, tana jure jijjigar babur da ta mota, sai dai ta fi tsada, kuma tana riƙe bayanai ne ta hanyar cajin lantarki da ke cikin ƙananan ƙwayoyinta, cajin da ke raguwa a hankali idan an bar ta shekaru ba a jona ba, kuma zafi yana hanzarta raguwar. Saboda haka ga ajiyar da za a rufe a akwati, mai faifai ta fi dacewa, SSD kuma ta fi dacewa da yawo. A cikin masu faifai, a zaɓi ƙarama mai inci 2.5 wadda ke shan wuta daga kwamfuta ta igiyar USB, maimakon babba mai inci 3.5 wadda sai an jona ta da soket. Idan aka haɗa ƙaramar da kwamfutar hannu mai batiri mai kyau, ko an ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi aikin ba zai tsaya ba, kuma hauhawar wuta lokacin dawowarta ba za ta same ta kai tsaye ba.

Kile, wato ƴar ƙaramar ma'adanar USB, da katin memwar ba wurin ajiya mai ɗorewa ba ne. An yi su ne don ɗaukar fayil daga nan zuwa can, suna mutuwa ba tare da wata alama ba, kuma a cikinsu ne jabu ya fi yawa. Yadda jabun ke aiki ya kamata kowa ya sani. Ana ɗaukar kati mai giga 8 ko 16, a sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ta yadda zai gaya wa kwamfuta cewa shi mai giga 256 ne ko ma tera 2. Mutum zai zuba fina-finai, kwamfuta ta nuna an gama lafiya, sunayen duk suna nan reras da girmansu, amma da zarar an wuce ainihin cikinsa, sabon abu yana taka tsoho ne ko yana faɗawa inda babu komai. Sai ranar da aka zo kallo a tarar fim na farko da na biyu suna buɗewa, sauran kuwa baƙin allo. Araha ba ta ado, kuma duk kile da aka ce tera ne amma kuɗinsa bai kai na buhun gero ba, a bar wa mai shi kayansa. Hanyar ganewa ita ce wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika na'urar da bayanai tun daga farko har ƙarshe, sannan ta karanta su ta faɗi nawa ne suka dawo daidai. Tana ɗaukar sa'o'i, shi ya sa ya kamata a yi yarjejeniya da mai shago tun wajen ciniki cewa za a gwada a gida, idan ba ta ci gwajin ba za a dawo da ita.

Wanda zai sayi ma'adana ta hannu, ya sa a jona ta a gabansa a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, ita ma kyauta ce. Tana karanta rahoton lafiyar da ma'adanar ke rubutawa game da kanta, ta nuna sa'o'in da ta yi tana aiki, sannan ta ba da launi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma haɗari. Mai rawaya ba ta cancanci ajiya ba ko kyauta aka bayar. Idan sababbi biyu za a saya, gara su kasance na kamfanoni dabam-dabam, kamar Seagate da Western Digital ko Toshiba, don kada aibin ƙira ɗaya ya kama su a lokaci ɗaya.

Shiryawa da yin kwafi

Kowace ma'adana tana da tsarin rubutu da aka wanke ta da shi, kuma wannan yana da tasiri a kan fim. Tsohon tsarin FAT32, wanda kile da yawa ke zuwa da shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, shi ya sa wani lokaci kwamfuta ke cewa fayil ya yi girma alhali akwai fili da yawa. Tsarin exFAT ba shi da wannan iyaka, kuma Windows da Mac duk suna rubutu a kansa. Tsarin NTFS na Windows ne, Mac yana karanta shi amma ba ya rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Fifikon NTFS shi ne yana riƙe da rajistar abin da yake cikin yi, ta yadda idan aka katse shi bagatatan yakan farfaɗo cikin sauƙi fiye da exFAT. A inda wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don haka mai Windows ya sa ma'adanar ajiya a NTFS. Ta kallo kuwa, a gwada a ga wanne talabijin ɗin gidan ke karantawa. A tuna cewa wankewa tana share duk abin da ke ciki, saboda haka ana yin ta ne tun ma'adanar tana sabuwa.

Wajen kwafi na farko, a zaɓi kwafa, kada a zaɓi yanke. Idan aka yanke kuma aikin ya katse, rabi yana nan rabi yana can, kuma sai an bi ɗaya bayan ɗaya kafin a san inda aka tsaya. A jona igiyar a ramin USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne. A nan ma'adana mai faifai tana rubuta kusan mega 100 a daƙiƙa, wato tera 1 zai ɗauki kimanin sa'o'i uku, yayin da a tsohon ramin USB 2.0 zai kai sa'o'i takwas ko fiye. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a Tahoua ke haura digiri 40, a yi wannan aiki da dare ko da asuba, a ɗora ma'adanar a kan abu mai tauri inda iska ke ratsawa, ba kan katifa ko darduma ba, kuma a inda yaro ba zai ja igiyar ba. Idan an taɓa ta aka ji tana ƙona hannu, a dakata ta huce, a raba aikin dosiye-dosiye.

Da an gama, sai a tabbatar. Hanya mafi sauƙi ita ce a sake shiga Propriétés a ɓangarorin biyu, a kwatanta yawan fayiloli da girmansu har zuwa lamba ta ƙarshe. A dubi layin Taille, domin layin Taille sur le disque yana iya bambanta tsakanin na'urori biyu ko da kwafin daidai yake. Sannan a buɗe fina-finai da dama daga cikin sabuwar ma'adanar da manhajar VLC, kada a tsaya ga minti na farko, a ja zuwa tsakiya, a ja zuwa ƙarshe, domin fim da ya lalace sau da yawa farkonsa lafiya lau yake. Ga bidiyon iyali, a sa manhaja ta yi tabbatarwa ta gaskiya. TeraCopy tana iya lissafa hatimin kowane fayil, wato wata lamba da take fitarwa daga abin da ke cikinsa, kafin kwafi da bayansa ta kwatanta, FreeFileSync kuma tana iya kwatanta abin da ke cikin fayilolin kansu ba suna da girma kawai ba.

FreeFileSync ce kuma ke sauƙaƙa kwafi na gaba, domin tana duba ɓangarorin biyu ta kwashi sabon abu kaɗai. Amma akwai wurin da ake zamewa. Tana da tsarin da ake kira Miroir, wanda ke mayar da ma'adanar ajiya ta zama daidai da ta asali, wato duk abin da aka goge a nan za a goge shi a can. Idan wani ya goge dosiyen aure a kwamfuta ba a lura ba, sannan aka gudanar da wannan tsari, to an goge kwafin da hannun mai shi. Ga fina-finai, a zaɓi tsarin da ke ƙara sababbi kawai ba ya goge komai, kuma kowane lokaci a karanta jerin abin da manhajar ta ce za ta yi kafin a danna. A duba kuma da kyau wanne ne hagu wanne ne dama, domin harafin da Windows ke ba ma'adana yana iya canzawa, wadda take E yau ta zama F gobe. Bayan an gama, a fitar da ita ta alamar cirewa da ke kusa da agogo, a jira ƙarar juyawarta ta tsaya, sannan a zare igiyar.

Tsofaffin faifai da kaset

Yawancin bukukuwan da aka yi shekaru goma sha biyar ko ashirin da suka wuce suna kan faifan VCD ko DVD da mai ɗaukar bidiyo ya ƙona a kwamfutarsa. Irin wannan faifai yana riƙe bayanai ne a wani siririn rini, kuma rana da zafi suna cin rinin a hankali ko da faifan bai karce ba. Wanda ke da irinsu kada ya jinkirta. Idan kwamfutar ba ta da wurin sa faifai, kamar yadda yawancin na yanzu suke, ana sayar da na'urar karantawa ta waje mai igiyar USB. A goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. A VCD, fim ɗin yana cikin dosiye mai suna MPEGAV, a fayiloli masu ƙarewa da DAT, kuma VLC yana buɗe su. A DVD, wanda ke ɗaukar giga 4.7 ko 8.5 idan mai hawa biyu ne, a kwashi dosiyen VIDEO_TS gaba ɗayansa. Ana iya amfani da manhajar HandBrake a mayar da shi MP4 don kallo a salula, amma a ajiye na asalin, domin duk matsewa tana rage inganci kuma abin da aka rage ba ya dawowa. Idan faifai ya ƙi karantuwa a wata na'ura, a gwada wata kafin a fid da rai.

Kaset ɗin VHS ya fi gaggawa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna shi, ya daina a 2016, don haka waɗanda suka rage a hannun masu gyara ƙarewa suke yi. Ana buƙatar na'urar da ke aiki, da wata ƴar na'ura mai karɓar igiyoyin nan uku, rawaya da fari da ja, ta miƙa hoton ga kwamfuta, kuma kaset na sa'a biyu sa'a biyu zai ci. Wannan ba matsalar gidaje kaɗai ba ce. Moustapha Alassane, mai shirya fina-finai ɗan Nijar, wanda ya yi shekaru masu yawa a Tahoua kuma ya rasu a 2015, ya fara fina-finansa na zane a shekarun 1960 a kan zaren fim, kuma masu kallonsu a yau suna ganinsu ne domin an kwashe su zuwa sabon tsari.

Game da fina-finan kasuwa, kwafin ajiya na gida abu ne dabam da buga wa jama'a don sayarwa. Na biyun cin haƙƙin waɗanda suka zuba dukiyarsu ne, kuma ba shi wannan bayani ke koyarwa ba.

Ƙura, ruwa da birus

Ma'adanar ajiya tana son inuwa da bushewa da zaman lafiya. A sa ta a jakarta ko a leda mai zif saboda ƙurar hunturu, a ajiye ta cikin akwatin tufafi a ɗaki mafi sanyi, nesa da rufin kwano, kuma a sama da ƙasa saboda ruwan damina. Kada a bar ta a cikin mota a rufe ko a ƙarƙashin sirdin babur. Idan za a aika da ita wani gari, a naɗe ta da tufafi a riƙe a jakar hannu, kada ta shiga cikin kayan da ake jibgewa a ƙarƙashin mota. A manna mata takarda mai ɗauke da abin da ke ciki da ranar kwafi na ƙarshe.

Cirewa daga kwamfuta bayan kowane kwafi ba don wuta kaɗai ba ne. Akwai nau'in birus da ke kulle duk fayilolin da ya samu, har da na ma'adanar da ke jone, sannan a nemi kuɗin fansa, kuma abin da ba ya jone ne kaɗai ke tsira. Wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne wanda kile ke kwasowa daga shagunan tura fim da na buga takardu: mutum ya dawo gida ya tarar dosiyoyinsa duk sun koma gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya a kusurwa, kowanne girmansa bai wuce kilobayit ɗaya ko biyu ba. A nan mutane da yawa ke wanke na'urar cikin ɓacin rai, alhali fina-finan suna nan, ɓoye su kawai aka yi, kuma shaida ita ce filin da suka cinye bai ragu ba. Kada a danna ko ɗaya daga cikin gajerun hanyoyin, domin dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfuta. A fara bincike da manhajar kashe birus, sannan a buɗe tagar umarni ta cmd a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da sauya E da harafin na'urar, dosiyoyin za su bayyana.

Bidiyon aure yana ɗauke da matan gida cikin kwalliya da rawa, kuma ba kowa ne ya kamata ya gani ba. Kwafin da zai zauna a wani gida ana iya kulle shi da kalmar sirri ta hanyar manhajar 7-Zip ko VeraCrypt. Sai dai kullewar gaske ce, wanda ya manta kalmar babu mai gyaran da zai buɗe masa, don haka a rubuta ta a takarda, a sanar da mutum ɗaya amintacce a cikin iyali inda take.

Ajiya a intanet

Ga tarin gaba ɗaya, intanet ba mafita ba ce a wurinmu, kuma lissafi ne ya nuna haka. Tera 1 giga 1000 ne na forfe, kuma idan layin yana aikawa da saurin megabit 2 a daƙiƙa, giga 10 kaɗai za su ci kimanin sa'o'i 11. Amma ga zaɓaɓɓun bidiyon iyali tana da amfani sosai. Google yana ba da giga 15 kyauta, waɗanda ake rabawa tsakanin Drive da Gmail da hotuna, OneDrive na Microsoft kuma giga 5. A aika kaɗan-kaɗan da dare. A kula da abu biyu: tun daga Disamba 2023 Google yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba, sannan asusun da ke ɗaure da lambar salular da aka yar yana iya gagarar mai shi. Tura bidiyo ga ɗan'uwa da ke ci-rani a Abijan ta WhatsApp ba ajiya ba ce, domin manhajar tana matse shi har ingancinsa ya zube, sai fa idan an tura shi a matsayin takarda, wato Document, wanda ke karɓar fayil har giga 2 ba tare da taɓa shi ba.

Dubawa, da ranar da ta ƙi tashi

Bayan kowane biki a kwafe sabon bidiyon cikin makon, kafin salular ta ɓace ko ta cika a fara gogewa. Sau biyu a shekara kuma, da shigowar hunturu da faɗuwar damina, a fito da ma'adanar ajiya, a jona, a duba launinta a CrystalDiskInfo, a buɗe wasu fina-finai, a ƙara sababbi. Idan ta kai shekara biyar, shawarata ita ce a sayi sabuwa a kwashe, tsohuwar ta koma kwafi na uku.

Idan wata rana ma'adana ta fara ƙara ƙas-ƙas, ko ta riƙa ɓacewa tana dawowa, a fara da sauya igiya da ramin USB, domin igiya ce ke fara lalacewa sau da yawa. Idan ƙarar ta ci gaba, a cire ta nan take, saboda kowane juyi yana iya ƙara karce faifan. Idan har yanzu tana buɗewa, a kwashi bidiyon iyali tukuna kafin komai. Idan Windows ya ce sai an wanke ta kafin a yi amfani da ita, a ƙi. Idan kuma gogewa aka yi bisa kuskure, kada a ƙara zuba mata ko fayil ɗaya, domin abin da aka goge yana nan har sai an rubuta wani a kansa, kuma manhajoji irin su PhotoRec da Recuva suna iya dawo da shi, da sharaɗin a sauke abin da aka ceto a kan wata na'ura dabam. Kada a yarda kowa ya kwance murfin ƙarfen faifan a shago, domin tazarar da ke tsakanin allura da faifai ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ranar da ɗaya daga cikin biyun ta mutu, wadda ta rage ita kaɗai ce ke riƙe da komai, saboda haka kada a jona ta da talabijin, a bar ta a akwati har sai an sayo wata an kwafe.